Ba A Mayar Da Kwano Wayam

Duk garin Pátzcuaro in ana gardamar inda ya kamata mutum ya karya kumallo, a bakin Don Higinio Cuiriz maganar take ƙarewa. Shekara talatin da huɗu ya yi yana raba wasiƙu a ƙafa, ya hau wannan tudu ya gangara wancan, kuma bai taɓa wuce wata ƙofa ba tare da ya shinshina abin da ke kan wuta a ciki ba. Da ya yi ritaya ƙafa ta huta, harshe kuwa ko kusa. Shi zai gaya maka cewa cikin matan da ke jera tukwanen kunun masara a gefen babban coci, ta uku ce ta iya, ita ma ka je kafin takwas, don bayan takwas ruwa take ƙarawa. Shi zai ce maka miyar waken da ake kawowa a kan farin teburi a bakin dandali ta masu yawon buɗe ido ce, ɗan gari ya shige kasuwa. Ba ya yi wa girki kara. Ko matar magajin gari ce ta dafa, in gishiri bai ji ba zai faɗa, kuma a gabanta.

Abin dariyar shi ne, shi kansa ko ƙwai bai iya soyawa ba. Tun rasuwar matarsa Otilia, shekara goma sha ɗaya ke nan, murhun gidan bai san wata tukunya ba sai ta kofi. Da sassafe yana gindin tukunyar kunu, ƙarfe goma yana wurin masu ƙwai da miyar barkono, ƙarfe biyu kuwa ko ana ruwan ƙanƙara za ka same shi a ƙarshen benci a rumfar Doña Casilda cikin kasuwa, hula a kan gwiwa, yana jiran shinkafa. Doña Casilda ce ta riƙe masa 'yarsa ranar baftisma, shi ya sa yake ce mata komadre tana ce masa kompadre, kuma duk garin ita kaɗai take iya gaya masa magana ba ta tauna ba.

'Yar tasa, Salud, ita ce maganar da ba a yi a gabansa. Tun tana amarya ta bi mijinta Arewa, suka tsallaka Amurka ta daji babu takarda, kamar yadda rabin unguwar suka yi. Can ta haifi yara biyu, can mijin ya bar ta. Da ciwon Otilia ya yi tsanani Salud ta kira a waya tana kuka, ta ce, “Baba, in na fito ba zan iya komawa ba, ga yara ƙanana.” Aka binne Otilia babu ita. Washegari ta sake kira, Don Higinio ya ɗauka ya ce, “Wadda ba ta da uwar binnewa, ba ta da uban gaisarwa.” Ya ajiye kan wayar. Da ta ga ba ya ɗauka sai ta koma rubuto wasiƙa, wasiƙun kuwa a jakarsa suke faɗowa, tunda shi ke raba na unguwar. Ɗaya bayan ɗaya ya rubuta musu ba a san mai ita ba, ya buga hatimi, ya mayar. Magana zarar bunu ce, tasa kuwa ya zare ta da ƙarfi, sannan ya shekara goma sha ɗaya yana gadin ramin.

A farkon daminar nan aka kama Salud a hanyarta ta zuwa aiki, aka sa ta a mota aka sauke ta a bakin iyaka da kayan jikinta. Yaran sun girma, 'yan can ne, ba a taɓa su ba. Daga baya suka aiko mata da jaka biyu. Ta iso Pátzcuaro ta sauka a gidan Doña Casilda, aka ara mata wata rumfa da ta daɗe a rufe a ƙarshen layin masu abinci, ta ɗora tukunya. Duk wannan Don Higinio ya ji, don a garin nan ko kaza ta yi tari sai an sani. Ya ji ya yi kamar bai ji ba.

Ran nan Lahadi da hantsi aka ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ya buɗe ya ga Doña Casilda tana haki, don tudun gidansa ba na tsofaffi ba ne, riƙe da kwano a hannu biyu an rufe shi da farin ƙyalle mai surfani.

“Karɓi, kompadre, hannuna ya ƙone.”

“Mene ne wannan?”

“Yo ka tambayi hancinka mana, ba shi ne alƙalin gari ba?”

Bai buƙaci ɗaga ƙyallen ba. Kwanon ma ya gane shi, koren kwanon ƙasa mai ɗan tsagi a baki, wanda Otilia ta cusa wa Salud a cikin kaya ranar da za ta tafi. Ashe har yanzu yana nan.

“Ita ta ce ki kawo?”

“A'a, ni ce na tashi da asuba na dafa maka don tsabar sonka. Ita ce mana. Ta ce in ce a kai wa Baba. Iyakar abin da ta ce ke nan.” Ta gyara mayafinta. “Ni na tafi, kada in rasa sujadar sha biyu. Ka ci da zafi.”

Ya shiga da shi ya ajiye a kan teburi. Churipo ne, farfesun naman sa da jan barkono da kabeji, ga korunda uku, wato dunƙulen tuwon masara, a gefe a naɗe cikin ganyen masara, masu kusurwa uku daidai kamar an auna. Ya ce a ransa bari ya ɗanɗana kawai ya ji ko Arewa ta ɓata mata hannu. A tsaye ya kai cokalin farko. Sai ya ja kujera ya zauna.

Hannun Otilia ne, ba kama ba, shi ne. Ɗan tsamin nan da ke zuwa a ƙarshe, wanda ya shekara goma sha ɗaya yana nema a tukwanen gari bai samu ba, ga shi a bakinsa. Ya ci nama, ya ci kabeji, ya gutsura korunda ya share kwanon tas. Ya yi kuka, kukan tsoho mai muni, babu wanda ya gani. Yana son 'yarsa. Bai taɓa daina sonta ba ko na yini ɗaya, girman kai ne ya zauna a kan son kamar kaza a kan ƙwai. Ya wanke kwanon da kansa, ya goge, ya ajiye a tsakiyar teburi, ya ce gobe zai kai mata.

To a nan gizo ke saƙar. Ba a mayar da kwano wayam. Wannan ko yaron goye ya sani. Wanda ya aiko maka da abinci, kwanonsa zai koma da wani abu a ciki, in ba haka ba ka ce masa ka ci ka ƙoshi, ba ka da sauran buƙatarsa. Da Otilia tana raye ba ya tunanin wannan, ita ce za ta zuba wani abu ta rufe ta aika. Yanzu ga shi da kwano, ga murhu a mace.

Amma ai shi ne Don Higinio. In akwai mutumin da ya san inda abu mai kyau yake a garin nan, shi ne. Litinin da sassafe, hazo bai tashi daga tafki ba, ya gangara gidan burodin Don Nabor mai gashi da itace, ya tsaya har aka fito da zubin farko, ya zaɓi huɗu masu sukari a ka. Ya kawo gida ya jera su a kwanon, ya ja da baya ya duba. Ɗaya ƙasansa ya yi duhu. Kuma burodi? A aiko maka da farfesun da aka kwana ana tanadinsa, ka mayar da abin da kowa zai saya da canjin aljihunsa? Ya cinye biyu da kofi, ya ba maƙwabciya biyu.

Talata ya je ƙofar gidan sistocin coci, inda ake juyo maka alewar 'ya'yan itace ta ƙaramar taga ba ka ga fuskar mai sayarwa ba. Ya ɗanɗana gefe ya ce zaƙi ya yi yawa, tsohuwar sistar da ta iya ta mutu. Juma'a, ranar da matan ƙauyukan bakin tafki suke shigowa da kaya, ya zagaya yana neman farin kifi, wanda Salud take so tana ƙarama. Ya samu uku ƙanana a wurin wata mata, ya ɗaga ɗaya ya duba idonsa, ya ce na jiya ne. Matar ta ce, “Baba, in na gobe kake so sai ka shiga ruwan da kanka.” Ya tafi ya bar ta.

Duk wannan makon bai leƙa kasuwa da rana ba. Ta yaya zai zauna a bencin Doña Casilda, taku ashirin daga rumfar Salud, kwanonta yana gidansa? Wanda ke riƙe da kwanon mutane ba ya haɗa ido da mai kwano. Sai ya koma cin abincin rana a wuraren da shi da bakinsa ya sha kushewa. Ya ci kaza da miyar mole mai barkono da cakulan a wani gida kusa da gidan waya, ya ci shinkafa da wake a wani lungu bayan asibiti, har teburin masu yawon buɗe ido ya zauna, aka kawo masa miyar waken da aka yi wa ado da kirim kamar za a kai ta biki. Mako ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama huɗu. Kullum da safe zai fita da niyya, kullum zai dawo da wani abu a ƙunshe, ya sa a kwanon, ya samo masa aibu. Ya gwada cuku daga Cotija da zuma daga kan dutse, har wani kek mai kirfa da ya sa aka yi masa musamman. Garin neman gira yana ta zubar da ido bai sani ba.

Doña Casilda ta ritsa shi wata Litinin a gindin tukunyar kunu, yana hura kofinsa. Ta zauna kusa da shi a kan dakalin coci ba tare da gaisuwa ba.

“Kompadre, ka mutu ne ba a gaya min ba?”

“Ina kwana, komadre.”

“Bar ni da ina kwana. Wata guda bencina yana tambayarka. Ka ci abincin yarinyar nan ko ka zuba wa kare?”

“Na ci.”

“To ina kwanon?”

“Yana nan. Abin da zan sa a ciki nake nema.”

Ta juyo ta dube shi sosai. “Wata guda?”

“Ba a samu mai kyau ba. Garin nan ya lalace, kowa ha'inci.”

“Kai dai Allah ya shirye ka. Ka zuba lemo uku ka rufe ka kai mata.”

“Lemo uku, bayan shekara goma sha ɗaya? Haba, komadre. A ce me a kasuwa?”

“Ka san abin da ake cewa a kasuwa yanzu? Ana cewa Don Higinio ya ci a ko'ina cikin garin nan har da wurin da ƙuda ba ya sauka, sai rumfar 'yarsa. Duk wadda ta gan ka sai ta je ta ba ta labari, har da ƙarin gishiri. An gan shi wurin sistoci, an gan shi da kek. Ita kuma tana murmushi tana juya miya, sai mun koma gida in ji ta a bayan gida tana fyace hanci.”

Don Higinio ya sa ido a cikin kofinsa.

“Saurara in gaya maka,” in ji Doña Casilda, ta rage murya. “Yaranta sun samo mata ɗaki a Tijuana, dab da iyaka, inda za su riƙa tsallakowa su gan ta ran Lahadi. 'Yarta Brenda ciki gare ta, wata bakwai. Kullum suna kira. Ita ta ce musu su dakata, akwai wanda take jira. Ta ce in ubanta ya buɗe mata ƙofa, a nan za ta zauna ta riƙe shi har ƙarshe, su riƙa zuwa a jirgi. Ta ba su ƙarshen watan nan. Ka ji ko in maimaita?”

“Na ji.”

“In abin kasuwa bai yi maka ba, ka dafa da hannunka.”

“Ni?”

“Hannun ba naka ba ne? Ko cokali kaɗai aka yi shi ya riƙe?”

Ta tashi ta karkaɗe siket ɗinta ta tafi buɗe rumfa. Shi kuwa ya zauna har kunun ya huce ya yi fata a sama. A kan dakalin nan ya gaya wa kansa gaskiyar da ya yi wata guda yana kewayewa. Burodin Don Nabor lafiyarsa ƙalau, kifin ma na ranar ne. Tsoro yake ji. In ya kai kwanon sai ya buɗe baki, don ba a miƙa kwano a juya kamar mai raba wasiƙa. Kuma in ta karɓa ta ce na gode, Baba, ta juya ga tukunyarta, shi ke nan an rabu lafiya, babu sauran abin da ya haɗa su. Muddin kwanon yana kan teburinsa, akwai abin da bai ƙare ba tsakaninsa da ita. Ya tsorata da ranar da teburin zai zama wayam.

Ya ƙirga a yatsa. Ƙarshen wata Juma'a ne, yana da kwana huɗu. Ya shiga shagon hatsi ya sayi wake mudu guda, da albasa, da tukunyar ƙasa sabuwa, don ta Otilia ya kasa taɓawa. Wake ne abu mafi sauƙi a duniya, haka ya sha faɗa wa matan da suka ɓata shi.

Na Litinin ya ƙone. Ya ɗora ya fita shan iska a tsakar gida, bai san ruwa yana ƙarewa ba, sai da hayaƙi ya kore shi. Ya yini yana kankare tukunya. Na Talata bai tsince ba, cokalin farko ya tauna dutse har ya ji a ƙwaƙwalwarsa. Laraba ya zauna da tabarau ya tsince waken ɗaya-ɗaya a kan teburi, kusa da koren kwanon, ya jiƙa shi. Alhamis ya ɗora tun da safe, ya ja kujera gaban murhu ya zauna gadi, yana ƙara ruwan zafi kaɗan-kaɗan. Awa huɗu. Da ya ɗanɗana ya san da a rumfar wata aka kawo masa wannan, da sai ta yi da-na-sanin buɗe rumfa. Waken yana da sauran tauri, romon kuma tsararo. Amma ya zuba a kwanon, ya yanka albasa a kai yadda ya ga ana yi, ya rufe da ƙyallen da ya wanke ya goge. Ya sa farar rigarsa ta zuwa coci. Yana gangarowa yana ce wa kansa ai da sauran kwana guda.

Ƙarfe biyu saura ya shiga layin masu abinci. Lokacin ne kasuwa take cika, tururi ko'ina, matan suna kiran masu wucewa, shigo ka zauna, akwai mole, akwai farfesu, me za a zuba maka. Da suka gan shi da kwano a hannu biyu sai kiran ya riƙa mutuwa rumfa bayan rumfa. Doña Casilda ta tsaya da ludayi a sama. Ba ta yi masa tsiya ba, sai ta kawar da kai, abin da bai taɓa gani ta yi ba.

A rumfar ƙarshe babu wuta. An kifa benci a kan kanta. Wata mace mai furfura a gefen kai tana tsugune tana naɗe cokula a jarida tana jerawa a kwali. Sai da ya daɗe yana kallonta kafin ya yarda Salud ce. A ransa har yau yarinya ce mai kitso biyu. Wannan kuwa ta kusa shekarun da uwarta take da su lokacin da ta fara ciwo, har wuyan ma iri ɗaya.

Ta ɗago. Ta miƙe a hankali tana goge hannu a jikin rigar girkinta.

“Barka da rana, Baba.”

“Barka, 'yata. Ga kwanonki.”

Ta karɓa da hannu biyu. Ta ɗaga ƙyallen ta duba, ta daɗe tana dubawa.

“Daga wace rumfa?”

“Daga gida.”

“Wa ya dafa?”

Ta dubi hannunsa, ta ga ƙunar da ke bayan babban yatsa. Ta kifa bokiti ta zauna, ta ɗora kwanon a cinya. Cokula duk an naɗe, sai matar rumfar kusa ta miƙo mata tortiya biyu masu zafi, gurasar masara, ba tare da an roƙa ba. Salud ta gutsura ta ɗebo waken ta kai baki. Don Higinio yana tsaye da hula a hannu, yana jin ƙarar waken a haƙoranta.

“Tun farko ka sa gishirin, ko?”

“E.”

“Shi ya sa. Sai ya yi laushi ake sawa.”

Ta ci gaba da ci. Ba ta yi sauri ba, ba ta bar ko ƙwaya ba. Hawaye suna gangaro mata har haɓa, ba ta share ba, ta share kwanon da sauran tortiyar ta cinye.

“Salud,” ya ce. “Maganar da na faɗa miki a waya.”

“Ta wuce, Baba.”

“Ba ta wuce ba, bari in faɗa. Na zalunce ki. Ba ke kika kashe ta ba, ba ke kika yi iyakar ba, ni dai na rasa wanda zan huce a kansa. Wasiƙunki kuma ba ɓata suka yi ba. Ni na mayar da su da hannuna.”

“Na sani. Na gane rubutunka.”

Wannan ya fi masa zafi fiye da da ta zage shi. Ya juya hular a hannunsa.

“Ɗakinki yana nan yadda yake. Rufin ne ke ɗan yoyo ta kusurwa, zan sa a gyara. Ki kwance kayan nan. Ai sai gobe wata zai ƙare.”

Ta girgiza kai. “Jiya na ba su amsa. Brenda ta kira tana kuka, likita ya ce ta kwanta kada ta motsa, haihuwar za ta iya zuwa da wuri. Ta ce, Mama, wa kike jira ne haka? Na ce ina zuwa.” Ta ja numfashi. “Na taɓa barin uwa tana kirana ban je ba, Baba. Ba zan bar 'ya ba. Motar ƙarfe huɗu ce.”

Shi ne mutum na ƙarshe a duniya da zai ce mata kada ta je.

“Kwana talatin da biyu ina kallon bakin layin nan,” ta ce. “Duk wanda ya shigo da abu a hannu sai gabana ya faɗi. Ana ta zuwa ana gaya min inda aka gan ka. Na ce to, ya ci, bai yi masa ba, ko kuwa bai yafe ba.”

“Abin da zan sa a ciki nake nema. Duk abin da na samo sai in ga bai kai ba.”

“Yanzu na gane.” Ta dube shi, babu fushi a idon, da ma akwai da ya fi sauƙi. “Da ka kawo shi wayam, Baba. Ni ba abin ciki nake jira ba.”

Ta tashi ta je famfon da ke bakin rumfa ta wanke kwanon, ta goge shi da ƙyallen. Ta naɗe shi a jarida, ninki biyu saboda tsagin, ta sa a tsakiyar kwalin inda ba zai motsa ba. Yana kallo jaridar ta rufe koren. Ta je ta rungumi Doña Casilda, suka yi magana ƙasa-ƙasa, ta dawo ta ɗaure kwalin da igiya.

“Zan kira ran Lahadi,” ta ce. “Za ka ɗauka?”

“Zan ɗauka.”

Ya sa hularsa, ya sunkuya ya ɗauki kwalin kafin ta hana shi. Ya fi ƙarfinsa, bai faɗa ba, ita ma ta gani ta ƙyale shi. Suka bi ta tsakanin rumfuna, mutane suna janye ƙafa suna ba su hanya, ita a gaba da jakunkuna biyu, shi a baya. Yana tafiya a hankali iyakar yadda zai iya, don inda tasi suke tsayawa ba shi da nisa.